Rumfar Starlink ta ƙauyen Inna: abin da na gani da idona

Sana'ata agashe. Shekara 19 ke nan ina gasa nama a Madani, babban birnin jihar Jazira a ƙasar Sudan, daga la'asar zuwa sha ɗayan dare, kuma abin da na sani shi ne gawayi da ƙuli-ƙuli da yaji. Ban yi karatun na'ura ba. Amma tun da mutane suka rage yawo da tsabar kuɗi suka koma Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya, cinikina ya dogara da shabaka, wato layin intanet, kamar yadda ya dogara da wuta. Mutum zai ci tsinke biyar, ya zaro waya, ya tura, ya juyo mini da ita in ga ish'ar, wato shaidar biya. Ranar da babu layi, nama yana nan, masu jin yunwa suna nan, ciniki kuwa babu. Shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kan rumfar Starlink, wato intanet ta tauraron ɗan Adam, da ke ƙauyen mahaifiyata, kudu da Madani, wadda na kusa shekara biyu ina shigarta.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba kuma zan faɗi sunan mai rumfar ba. Na'urar da yake aiki da ita ta shigo ne ba da lasisi ba, kuma ba na son rubutuna ya jawo masa abin da zai hana shi barci.

Can muka gudu a Disambar 2023, lokacin da Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, ni da mai ɗakina da yara shida a bayan motar albasa. Ƙauye ne na manoma, yawancinsu Hausawa da Barebari waɗanda kakanninsu suka zo aikin auduga a gandun Jazira suka zauna. Muka yi wata ɗaya da rabi muna lallaɓawa da abin da ƙanena yake turowa daga Bangazi ta Libiya, inda yake aikin gini. Sai a farkon Fabrairun 2024 layi ya ɗauke. Zain, MTN, Sudani, duka ukun suka yi shiru. Gwamnati ta ce RSF ce ta kashe na'urorin kamfanonin a Hartum, ita kuma RSF ta musanta. Garuruwan gabas irin su Bur Sudan sun samu nasu ya dawo ba da daɗewa ba, mu a Jazira muka shiga watanni. Na ga dattawa suna hawa gaɓar babbar kwatar ban-ruwa da waya a ɗage sama, ko Allah zai sa sanda ɗaya ta fito. Inna tana da ciwon suga. Kuɗin maganinta yana cikin wayata, na san adadinsa har kwabo, amma hannuna ba ya kai gare shi. Mako uku ƙanena bai san ko muna raye ba.

Ana cikin haka wani saurayi ɗan ƙauyen, wanda ya yi jami'a a Madani yaƙi ya dawo da shi gida, ya haɗa kai da 'yan kasuwa uku suka yi karo-karo. Na'urar ta biyo ta Sudan ta Kudu, hannu zuwa hannu, kowane hannu da rabonsa, har ta iso da ninkin kuɗinta na asali sau da yawa. Rajistarta ma a wata ƙasa aka yi, ana biyan kuɗin wata da dala ta hannun wani ɗan uwansu da ke waje.

Wurin ba wani abin kallo ba ne. Rumfa ce ta zana a gefen kasuwa, da tabarmi biyar da benci biyu. A kan rufin ɗakin ƙasa da ke bayanta aka ɗora faifan, fari, shimfiɗaɗɗe, bai fi babban tiren shayi ba, fuskarsa tana kallon sama. Akwai faranti biyu na sola, da batiran babbar mota guda biyu, da wani dogon katako da aka jera wa wuraren cajin waya. Saurayin ya taɓa yi mini bayani cewa taurarin da faifan ke magana da su suna yawo ne kimanin kilomita 550 a sama, dubbai ne, wannan ya wuce wancan ya karɓa, shi ya sa babu ruwansa da hasumiyar kamfani ko wayar da aka binne a ƙasa. Abin da na riƙe daga bayanin shi ne, babu wani ɗaki a Hartum da mutum zai shiga ya kashe shi.

A farko awa ɗaya fam 3,000 ce, kuɗin Sudan. Kuɗi ne mai nauyi ga wanda ya baro gidansa da kayan jikinsa. Kana zuwa sai ya karɓi wayarka, ya sa lambar sirrin da hannunsa, ya rubuta lokacinka a littafin makaranta. Daga baya ya koma ba da 'yar takarda mai lamba, in lokacinka ya cika ta yanke da kanta. Ranar da na fara zuwa ba ni da ko sisi a aljihu. Na ce masa, "Ɗana, kuɗina yana cikin wayar nan, sai na shiga zan iya biyanka." Ya ce, "Baba, kowa haka yake zuwa. Shiga, in ya buɗe ka turo." Haka yake yi wa kowa har yau, kuma a kan wannan kaɗai na ba shi babban yabo. Cikin minti biyu Bankak ya buɗe. Saƙonnin ƙanena suka riƙa shigowa a jere, arba'in da wani abu, na farkon yana tambayar lafiya, na ƙarshen kuka ne kawai. Na kira shi. Ban iya cewa komai ba sai "muna nan, Inna tana nan."

Ƙarfin layin ya danganta da lokacin da ka zo. Da hantsi, in mutane ba su wuce goma ba, hoto yana fita tas, murya ba ta yankewa, kuɗi yana tafiya kafin ka ɗaga kai. Bayan la'asar, in an kai arba'in ko hamsin, sai abin ya koma kamar jakin da aka yi wa lodin raƙumi. Da ya ga haka sai ya kafa doka: daga la'asar zuwa magariba babu kallon bidiyon nishaɗi, lokacin masu tura kuɗi ne da masu kiran gida. Samari sun yi gunaguni. Ni ban ga laifinsa ba. Rumfarsa ce, batirinsa ne, kuma wanda bai yarda ba ƙafarsa tana iya kai shi wani wuri. Haka kuwa aka yi, don bayan wata huɗu wani ya buɗe irinta a ƙauyen da ke gaba, tafiyar rabin awa a amalanke. A cikin makon nan farashi ya sauko zuwa 2,000, aka ƙaro tabarmi, aka ajiye randar ruwan sha. Babu jami'in da ya zo ya ƙayyade farashi. Tsoron kada mu koma can ne ya yi wannan aiki. Yau awa ɗaya 1,000 ce, duk da yadda darajar fam ta zube.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma na faɗa masa su baki da baki. Batiran nan tsofaffi ne. Da damina, in hadari ya rufe rana, ƙarfe uku komai ya mutu, ko da ka biya awa cikakkiya, kuma sai ka yi magana kafin a mayar maka da ragowar. Sau biyu a zamanin littafi ya yanke ni kafin lokacina ya cika. Sannan babu sirri ko kaɗan. A rumfar nan na ji mutum yana roƙon bashi wurin surukinsa, na ji mace ta samu labarin rasuwar ɗanta a gaban mutum talatin. Inna ce ta gyara wannan. Ta ce masa, "Ɗan nan, mace ba ta magana da mijinta a tsakiyar kasuwa." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne Inna, gobe in sha Allahu." Sai da goben ta zama kwana goma, amma ya kewaye gefe ɗaya da zana, ya shimfiɗa wa mata tabarmarsu daban. Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne 'yan canjin da ke zama a bakin rumfar. Ka tura musu 100,000 ta waya, su ba ka 80,000 a hannu, wata rana ma ƙasa da haka. Ya ce ba ya cin ko kwabo a ciki, na kuma yarda da shi, amma a inuwarsa suke zaune.

Tsadar farko ba duka haɗamarsa ba ce. Masu bindigar da ke riƙe da yankin a lokacin suna karɓar kuɗi a kan faifan. Akwai ranar da suka cire shi gaba ɗaya suka tafi da shi, sai bayan kwana tara, da aka haɗa musu abin da suka yanka, suka dawo da shi. Kuɗin fasa-ƙwauri, kuɗin masu hanya, kuɗin masu bindiga, duk a kan awar talaka suke sauka. Kuma ba shi da inda zai kai ƙara, domin wanda kayansa haramtacce ne a idon hukuma ba ya zuwa gaban alƙali ya ce an ƙwace masa.

Nan ne maganar ta fi ƙarfin rumfa. Tun kafin layi ya ɗauke gwamnati ta riga ta hana shigo da wannan na'ura. Dalilin da ake bayarwa shi ne tsaro, wai mayaƙa suna amfani da ita. Gaskiya ne suna amfani da ita, na gan ta a kan motocinsu. Amma hanin bai raba su da ko ɗaya ba, tun da iyakar Chadi da hanyoyin sahara a buɗe suke gare su, kuma ba sa tsayawa a kwastan. Wanda hanin ya kama shi ne manomi da mai shayi da ɗan gudun hijira, su ne suka biya ninki. An bar jaki ana dukan taiki. A Hartum da Ummu Durman, takaya, wato tukwanen sadaka da matasan unguwanni ke dafawa, da gudummawar Bankak suke tafiya, kuma da yawa sun sauke tukunya a makonnin da babu layi. Wannan yunwa ce ta gaske, a cikin ciki na gaske.

Ba kuma yaƙin nan ne ya koya wa masu mulkinmu kashe layi ba. A ranar 3 ga Yunin 2019, bayan an tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, an rufe intanet sama da wata guda. Wani lauya mai suna Abdel-Azim Hassan ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya, aka buɗe masa layinsa shi kaɗai, sai da ya sake komawa kafin a buɗe wa kowa a watan Yuli. A ranar 25 ga Oktoban 2021, da aka yi juyin mulki, aka sake rufewa sama da mako uku. Kotu ta ce a buɗe, aka yi kwanaki ba a bi umarnin ba. Ban da waɗannan kuma, shekara uku a jere daga 2020, ana kashe intanet ɗin waya na wasu awoyi kowace safiya a lokacin jarrabawar kammala sakandare, don kada yara su yi satar amsa. Ni da safe nake biyan mahauci. Mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, da safe yake neman na cefane, asibiti da safe take cika. Saboda an kasa tsare takardar jarrabawa a cikin ambulan, sai a ɗaure ƙasa guda. Wanda ya saba kashe layi don jarrabawa, ranar da kujerarsa ta girgiza ba zai yi dogon tunani ba. Kuma makunnin da aka gina don mai mulki, duk wanda ya shiga ɗakin da bindiga ya gaje shi. Abin da ya same mu a 2024 ke nan, ko ma wane ne ya danna.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne canjin kuɗi na Disambar 2024. An sauya takardun 500 da 1,000, kuma ba a ba ka sabo hannu da hannu, sai ka zuba tsohon a asusun banki. Wato hukuma da kanta take tura mu cikin waya. To in ka ce dukiyata ta zauna a waya, ba ka da ikon riƙe abin da zai raba ni da ita duk ranar da ka ga dama.

Na san lokacin da waya a gida sai gidan babban ma'aikaci, mu kuwa sai mu bi layi a shagon kira. An kafa kamfanin sadarwa na Sudatel a 1993 da hannun jarin 'yan kasuwa a ciki, daga baya kamfanonin salula suka shigo suna gogayya da juna, har ta kai mai sayar da shayi a gindin bishiya tana da lambarta. 'Yan uwanmu na Kano sun ga irin wannan. Kafin 2001, lokacin da kamfanin gwamnati kaɗai ke da waya, layukan Najeriya duka ba su wuce kimanin 400,000 ba. Da aka yi gwanjon lasisi aka bar 'yan kasuwa suka shigo, yau sun haura miliyan 150. Najeriyar ce kuma ta fara samun Starlink a Afirka, a Janairun 2023. Sudan ta Kudu ta bi a 2024, Chadi a 2025. A can mutum yana saye a shago da rasit, in an sace masa ya je wurin 'yan sanda. Ba gwamnatinmu kaɗai nake nufi ba. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya hana ɗalibai da masu gyaran waya samun manhajoji da yawa tsawon shekaru, shugabannin da aka nufa da shi kuwa ba su rasa komai ba.

Kada a ɗauka ina cewa a miƙa wuyanmu ga kamfani ɗaya na wani attajiri a Amurka. A Afrilun 2024 kamfanin ya aika wa masu amfani da shi saƙo cewa zai yanke aiki a ƙasashen da ba shi da izini daga ƙarshen watan. Na tuna yadda rumfar ta yi tsit da labarin ya zo, kowa yana sauri ya kwashe abin da ke asusunsa. Ƙungiyoyin agaji kusan 100 suka fitar da takarda suna roƙon kada a raba Sudan da sadarwa, faifan namu kuma bai mutu ba. Amma na koyi cewa shi ma makunni ne a hannun mutum ɗaya. Maganin wannan shi ne ƙofofi su yi yawa: a bar na sama su shigo, biyu ko uku, a bar na ƙasa su gyara hasumiyoyinsu, a bar yaro irin wannan ya sayi kayansa a fili ya sayar da awa. In ɗaya ya rufe, mu bi ta ɗaya.

Ina son gwamnati, a wurin da aikinta yake. Bayan sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025 na koma na sake kafa tukubata. A watan farko wani yaro ya ci naman 12,000 shi da abokansa, ya nuna mini ish'ar na bogi, hoto ne kawai da aka gyara. Ban gane ba sai da na zo lissafin dare. A nan nake neman hukuma: ɗan sandan da zai kama shi, alƙalin da zai karɓo mini haƙƙina. Ina nemanta ta raba wa kamfanoni zangon iska don kada su tattake juna, ta hukunta wanda ya ci kuɗin mutane bai ba su abin da suka saya ba, ta tsare mai rumfa daga wanda zai ɗauke masa faifai. Wannan aiki ne mai yawa, kuma ba a gama shi ba. Zaɓar wanda zan yi magana da shi, da ranar da zan yi, da hanyar da zan bi, wannan ba ya cikinsa.

Layin kamfanoni ya dawo ƙauyen tuni, kuma na zaci rumfar za ta mutu. Sai ga shi daga 25 ga Yulin 2025 hukumar sadarwa ta toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp a faɗin ƙasa, ta ce saboda tsaron ƙasa. Rubutu yana tafiya, saƙon murya yana tafiya, kira ne babu. Samari sun sa VPN, manhajar kewaye toshiya, a wayoyinsu cikin yini ɗaya, kuma na tabbata duk wanda ake tsoro ya riga su. Inna ba ta karatu, ba ta rubutu, ba ta san VPN ba. Abin da ta sani shi ne fuskar autanta. Faifan rumfa ba ya bi ta kamfanonin gida, don haka kira yana shiga a can. Tsofaffin ƙauyen suka dawo tabarma.

Duk Juma'a biyu ina zuwa in kai mata magani da sukarin masu ciwo, in riƙe hannunta mu taka zuwa rumfar bayan an sauko daga masallaci, lokacin da ƙanena yake hutu. Mai rumfar yana hango ta sai ya tashi ya kawo mata kujerarsa. Rabin awa take saye, 500, kuma ba ta yarda in biya mata. Tana ɗaure kuɗin a bakin gyalenta tun daren Alhamis.

Ga wanda hanya ta biyo da shi yankin: ka zo da hantsi in kuɗi za ka tura ko takardu za ka aika, ka zo da wayarka a cike don cajin wurin yana da layi, ka zo da abin sa wa a kunne in maganarka ta gida ce. In damina ce kada ka biya fiye da rabin awa a lokaci ɗaya. Kada ka yi canji a bakin rumfar, ka shiga cikin kasuwa wurin masu hatsi, sun fi sauƙin cira. A cikin biyar na ba shi huɗu, ɗayan na riƙe saboda batiran nan. Ya ce mini yana tara kuɗin sababbi, yana sa ran samu bayan an cire gyaɗa.